Abin da ke ɗauke da jirgin sama, ido ba ya ganinsa



Jirgi mai nauyin tan 200 yakan tashi daga filin Diori Hamani na Yamai ba igiya, ba ginshiƙi. To me ke riƙe da shi? Iska ce, wadda muke cewa ba komai ba ce.

Iska ƙwayoyi ne ƙanana da ake kira molekil: kashi 78 cikin 100 nitrojin, kashi 21 oksijin. Kowace ƙwaya tana gudun kusan mita 500 a daƙiƙa, tana dukan duk abin da ta tarar. Jimlar dukan nan shi ne matsin iska, kusan tan 10 a kan murabba'in mita guda. Fiffike yana karkata iska zuwa ƙasa, sai matsin samansa ya gaza na ƙarƙashinsa da ƴan kashi kaɗan cikin ɗari. Wannan ɗan bambanci shi ke ɗaga jirgin dungurungum.

Zafin ƙasarmu ma yana da hannu a ciki. In zafi ya tashi daga digiri 15 zuwa 45, ƙwayoyin suna warwatsuwa, kaurin iska ya ragu da kusan kashi 10. Shi ya sa da tsakar ranar Afrilu jirgi ke buƙatar doguwar hanya kafin ya tashi, wani lokaci har a rage masa kaya.

Yanzu mu shiga ɗakin matuƙi. Nan kimiyyar kwantum ke aiki, wato dokokin da atom da haske suke bi. Da su aka fahimci yadda lantarki ke ratsa silikon, har aka ƙera tiransisto a 1947. Tun daga Airbus A320 na 1988, a jirage da yawa sandar matuƙi saƙo take aika wa kwamfuta, ita kuma ta motsa fiffike da wutsiya. Akwai na'urar da ke zagaya hasken leza ta fuska biyu. Jirgi na juyawa, sai hasken biyu su saɓa, ta gane juyin. Tushen leza kuwa aikin Einstein ne na 1917. Taurarin GPS suna ɗauke da agogon atom, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana kautar da lissafin wuri da mita 300.

Kada ku ɗauka na'ura ta isa ita kaɗai. Ranar 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France 447 yana hanyar Faris daga Rio, ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudu. Matuƙin kwamfuta ya saki aiki. Aka ɗaga hancin jirgin fiye da kima, iska ta daina bin bayan fiffike, ya faɗa tekun Atlantika. Mutum 228 suka rasu. Abin da ya faru da iskar fiffiken nan yana cikin darasin farko na kowane ɗalibin tuƙi.

Saboda haka ƙanina, ƙanwata, in malamin fizik ya rubuta matsi da zafi da atom a allo, kar ka ce wannan na jarrabawa ne kawai. Ka tambaya har ka gane dalili, haddar lissafi ba ta isa ba. Filayen jirginmu na Yamai, Damagaram, Maradi da Tahoua suna buƙatar injiniyoyi, masu hasashen yanayi da masu kula da zirga-zirgar sama, kuma daga ajinku za su fito.