Saukar Jirgi Cikin Hazo

Duk shekara idan hazon hunturu ya turnuƙe, jirage kan kasa sauka a Kano da Sakkwato, don matuƙi ba ya hango titin sauka. Manyan filayen jirgi suna da na'urorin ƙasa masu jagorantar jirgi, amma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin fili.

Tauraron ɗan'adam ya rage wannan wahala. Na'urar GPS da ke cikin jirgi tana karɓar saƙon gyara daga sama, ta nuna wa matuƙi hanya da gangarar da zai bi har ya kusanci ƙasa. Tauraronmu NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a 2011, yana watsa irin wannan saƙo, kuma an gwada shi a filin jirgin Abuja a 2023.

Mutumin Gwashi, da na Anka da Gummi a jihar Zamfara, zai ce ina ruwansa da jirgi? Ruwansa shi ne ranar da hanyar Gusau ta gagara, ga maras lafiya kwance, ga likita da magani a nesa. Ƙaramin jirgi ko mai saukar ungulu ne zai iso gare shi. Don haka muna roƙon hukumar NAMA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama da gwamnatin Zamfara su tsara wa filin jirgin Gusau wannan hanyar sauka, su kuma horar da matuƙa a kanta.