Bin Diddigin Cutar Gidajen Abinci



A shekarar 1993, sa'ad da annobar gudawa mai jini ta ɓarke a yammacin Amurka, ta kama mutane fiye da 700, ta kuma yi ajalin yara huɗu, ma'aikatan lafiya ba su wadatu da gano ƙwayar cutar E. coli ba, sai da suka shiga madafar gidajen abincin Jack in the Box, suka tsoma ma'aunin zafi cikin niƙaƙƙen naman da ake gasawa, suka tarar bayansa ya soyu, alhali cikinsa bai kai digiri 68 na Salsiyas da jihar Washington ta shar'anta ba.

Hikimar wannan tahƙiƙi ita ce, likita yana faɗin sunan cuta, amma mai duba madafa shi ke bayyana sababinta: ko wuta ce ta gaza, ko wuƙar ɗanyen nama ce ta yanka latas, ko kuwa kuku mai zawo ne ya zo aiki don tsoron a yanke masa lada. Matuƙar ba a san sababi ba, rufe gidan abinci hukunci ne kawai, musibar kuwa tana nan tana jiran wani gidan.