Ƙwarya da Akushi a Katun ɗin Japan

(Kiɗan buɗe shiri)



A watan Janairun 1910 wani dattijon lauya ya rasu a Ingila, sunansa Arthur Munby. Ɗan babban gida ne, mai ilimi, yana kuma taɓa rubuta waƙa, yawancin abokansa sun ɗauka tuzuru ne. Da aka buɗe wasiyyarsa sai jaridu suka ɗauka: ashe yana da mata tun 1873. Matar kuwa, Hannah Cullwick, 'yar aiki ce, mai goge daɓe da wanke tukwane a gidajen masu hali. Shekara 36 da aure a tsakaninsu har ta rasu a 1909, amma in ban da 'yan tsiraru ba wanda ya sani. Ko a 'yan shekarun da suka zauna gida ɗaya a Landan, a idon jama'a 'yar aikinsa ce kawai.

Wannan ba ƙagaggen labari ba ne. Na fara da shi ne domin ku san irin katangar da za mu yi magana a kanta yau. Bahaushe ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, kuma ku lura karin maganar ta faɗi wanda ke fashewa. To, masu zanen katun na ƙasar Japan, wanda ake kira anime, sun daɗe suna ɗauko irin wannan soyayya daga cikin tarihi suna zana ta. Kada wanda ya ce katun ai na yara ne, waɗannan na manya ne. Akwai su da yawa, amma galibinsu ado ne kawai: a sa wa yarinya doguwar riga, a kawo yarima a kan doki, a gama da biki. Ni waɗanda nake ba da shawarar a nema su ne waɗanda suka yarda cewa katangar gaskiya ce, suka kuma nuna wanda ya ji jiki wajen tsallake ta.

Na farko a wurina shi ne Emma. Wata mai zane ce, Kaoru Mori, ta fara fitar da shi kashi-kashi a mujalla a 2002, aka mayar da shi katun a 2005 mai kashi 12, aka ƙara zango na biyu a 2007, shi ma kashi 12. Labarin soyayya ne tsakanin wata 'yar aiki mai suna Emma da wani ɗan attajirai, William Jones, a Landan, a shekarar 1895, ƙarshe-ƙarshen mulkin Sarauniya Victoria.

Ku tsaya mu ga yadda 'yar aiki take a wancan zamani. Ƙidayar 1891 ta nuna mata sama da miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidaje a Ingila da Wales, babu sana'ar da ta kai wannan ɗaukar mata. Wadda take ita kaɗai a gida takan tashi kafin kowa, ta kwashe toka, ta goge murhu, ta hura wuta, ta hau bene da gawayi da ruwan zafi, ta sauko ta goge dakalin ƙofa a durƙushe. Albashinta a shekara bai kai fam 20 ba. Gidaje da dama sun hana 'yar aiki yin saurayi ƙarara, in aka gan ta da wani sai kora, kuma wadda aka kora ba takardar shaida da wuya ta sami wani gidan. A manyan gidaje ma har matattakalar bene daban ake yi musu ta baya, don kada su yi kiciɓis da masu gida.

Kaoru Mori ba ta tsallake wannan aiki ba, shi ya sa nake girmama ta. Za ka ga katun ya tsaya cak yana nuna maka Emma tana ɗaure gashi, tana sa farin gyauton aiki, tana goge fitila, ba kiɗa mai ƙarfi, ba magana. Wasu za su ce yana da sanyi. Eh, yana da sanyi, amma sai ka ga hannun nan yana aiki kafin ka gane nisan da ke tsakaninta da William Jones.

Emma marainiya ce daga wani ƙauyen bakin teku, an sace ta tana ƙarama aka kawo ta Landan, ta kuɓuce, ta yi tallar fure a titi, har wata tsohuwar malama mai suna Kelly Stownar ta ɗauke ta aiki, ta koya mata karatu da rubutu, ta saya mata tabarau. William tsohon ɗalibin malamar ne, ya zo gaishe ta, Emma ta buɗe ƙofa ta buge shi a fuska. Daga nan aka fara. Akwai wurin da ya lura tabaran nata ya daina yi mata aiki sosai, ya ce zai saya mata sabo. Ta ƙi, saboda kyautar uwar ɗakinta ce, ta ce in dai kyauta zai yi mata, ƙaramin hankici mai ado ya isa. Akwai kuma daren da aka kulle su bisa kuskure a cikin Crystal Palace, katafaren ginin nan na gilashi da ƙarfe da aka yi domin baje kolin duniya na 1851, aka ɗauke shi zuwa kudancin Landan daga baya. Gobara ta cinye shi a 1936, saboda haka a zane irin wannan ne kawai za ka shiga cikinsa yanzu.

Abin da ya fi burge ni shi ne uban William. Da a wani fim ɗin ne, da an mai da shi azzalumi mai zare ido. Nan kuwa mutum ne mai hujja. Gidan Jones attajirai ne, da kasuwanci suka yi arziki, ba su gaji sarauta ba, kuma masu sarautar gado na ƙyamar su ko da suna cin abinci tare. Uban ya sha wuya kafin a fara gayyatarsu manyan taruka. Shi kansa auren so ya yi, ya auro mace daga karkara wadda ta kasa jure tsegumi da ƙa'idojin manyan Landan, har lafiyarta ta taɓu ta bar gidan. Wato ya ga abin da idonsa. Yanzu ga 'yar wani mai sarauta, Eleanor Campbell, tana son ɗansa, ubanta kuma yana raina su amma yana buƙatar kuɗinsu. In William ya auri 'yar aiki, ƙannensa mata ne za su rasa manema. Kun ga ashe matakalar ba hawa biyu ba ce, kowa akwai wanda ke taka shi daga sama. Ƙarshen labarin ya fi abin da tarihi ya saba bayarwa daɗi, wannan kam gaskiya ne, amma kafin a kai can an nuna maka Emma ce ke rasa wurin kwana, ita ce ke hawa jirgin ƙasa ta bar gari, shi kuwa William yana komawa gidansu ya tarar da abinci a kan tebur.

(Kiɗa)

Daga Landan sai mu tsallaka Faransa, mu koma baya da shekara ɗari da ɗoriya. Wannan shi ne The Rose of Versailles, na Riyoko Ikeda, wanda ya fito a mujalla daga 1972 zuwa 1973, aka yi katun ɗinsa mai kashi 40 daga 1979 zuwa 1980. An juya shi zuwa Faransanci da Larabci da sunan Lady Oscar, don haka masu saurarenmu na Nijar da Chadi da Kamaru da Sudan sai su neme shi da wannan suna. An kuma sake yin sa a fim guda a 2025, amma in za ku bi tawa, ku fara da tsohon, shi ya ba labarin fili.

Wani janar ne ya yi ta haihuwar mata, da ta shida ta zo sai ya raɗa mata sunan maza, Oscar, ya rene ta da takobi. Ta girma ta zama mai tsaron Marie Antoinette, gimbiyar Ostiriya da aka kawo Faransa aure a 1770 tana da shekara 14. Oscar ƙagaggiya ce, amma sarauniyar da mijinta Louis na 16, da Fersen ɗan sarautar Suwidin, da badaƙalar sarƙar lu'ulu'u ta 1785, duk tarihi ne. A gidan su Oscar akwai André, jikan mai renonta, tare suka tashi, tare suka koyi hawan doki. Yana son ta, ba shi da bakin faɗa.

Me ya hana? Faransa ta lokacin tana da mutane kimanin miliyan 28, an kasa su gida uku: malaman coci, masu sarauta, sai sauran jama'a. Gida biyun farko 'yan kaɗan ne, amma su ke da rangwamen haraji da manyan muƙamai. A 1781 ma an yi dokar da ta ce wanda zai shiga soja kai tsaye a matsayin hafsa sai ya nuna sarauta a jininsa har kaka da kakanni, zuriya huɗu. Irin André kome jarumtarsa, a bayan dokin Oscar zai tsaya. Ikeda, wadda ta taso cikin gwagwarmayar ɗaliban Japan ta shekarun 1960, ba ta yarda cewa masoya biyu za su iya sulalewa su bar katangar a tsaye ba. A wurinta sai an rushe ta. Shi ya sa Oscar ta bar dogaran fada ta koma rundunar da ke tsaron birnin Paris, kuma a tarihi sojojin wannan runduna ne suka juya wa sarki baya, suka jawo igwa zuwa kurkukun Bastille ranar 14 ga Yulin 1789. Ba zan ɓoye muku ba, ba a kai ga ɗaurin aure ba. Majalisa ta soke gatan masu sarauta a daren 4 ga Agusta, mako uku kacal bayan nan, amma su biyun ba su gani ba.

Gargaɗi ɗaya: André ba waliyyi ba ne. Akwai wurin da kishi ya ɗebe shi ya ci zarafin Oscar, kuma labarin ya yi saurin yafe masa fiye da yadda ya kamata. Iyaye su fara kallo kafin su bar yara a gabansa.

To, me ya kai matan Japan zana Landan da Paris? Ni a ganina nasu ciwon suke sosawa. A Japan ta zamanin Edo, mayaƙan samurai, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba, suna sama, manoma da masu sana'a da 'yan kasuwa suna ƙasa, aure tsakani kuma abu ne mai wuya. Bayan juyin Meiji na 1868, gwamnati ta halatta auren a 1871. Sai dai ta ƙirƙiro sabon rukunin masu sarauta, wanda aka tsara shi hawa biyar a 1884 bisa salon Turai, su kuma ba sa aure sai da izinin fada. Dokar iyali ta 1898 ta ce namiji ƙasa da shekara 30 da mace ƙasa da 25 sai da yardar iyaye. Sai a 1947, shekarar da aka haifi Ikeda, sabon tsarin mulki ya soke sarautun nan, ya ce aure yardar mutum biyun ne kawai.

In kuna son wanda ya tsaya a gida Japan, ku nemi The Tale of the Princess Kaguya na 2013, fim na ƙarshe da Isao Takahata ya yi. Tatsuniya ce da ta haura shekara dubu: mai saran gora ya tsinci jaririya a cikin gora, ya kuma tsinci zinariya, sai ya ƙudurta cewa sai ya mai da ita gimbiya. Ya raba ta da ƙauye ya kai ta babban birni, aka tsige mata gira, aka baƙanta mata haƙora kamar yadda matan fada ke yi, aka zaunar da ita bayan labule. Takahata ya ƙara wani saurayin ƙauye, Sutemaru, wanda babu shi a tsohuwar tatsuniyar. Wata rana tana cikin keken shanu na alfarma ta hango shi yana gudu da kazar sata, ta kira sunansa, ya tsaya ya waiwayo, tsayawar nan ce ta sa aka cim masa aka yi masa duka, ita kuma keke ya wuce da ita. Ban san wani wuri a katun da ya fi wannan nuna abin da muke magana a kai ba.

Akwai Taisho Otome Fairy Tale na 2021, za ku ji ana yabonsa. Attajiri ne ya biya bashin wani gida ya karɓo yarinya 'yar shekara 14 domin ta zama matar ɗansa da ya nakasa a hannu. Zanen yana da kyau, girgizar ƙasar Tokyo ta 1923 ma tana ciki. Amma sayar da 'ya saboda bashi abu ne da ya faru da gaske a ƙauyukan Japan, kuma ban ji daɗin yadda aka zuba masa sukari ba. Wannan ku sa shi a ƙarshen layi.

Saura gida ɗaya a Japan da katangar ke tsaye a doka. A 1959 yarima mai jiran gado, Akihito, ya auri Michiko Shoda, 'yar mai kamfanin fulawa, wadda ya haɗu da ita a filin wasan tanis, ita ce mace ta farko da ba jinin sarauta ba da ta auri magajin karagar. Ta shiga fada, daga baya ta zama sarauniya. In kuwa gimbiya ce ta auri talaka, dokar gidan sarauta ta ce ita za ta fita. Haka Gimbiya Sayako ta fita a 2005. Haka Gimbiya Mako ta fita a watan Oktoban 2021, ta auri abokin karatunta na jami'a bayan shekaru ana caccakar su a jaridu, ba a yi bukukuwan fada ba, ta kuma ƙi karɓar kuɗin sallamar da ake bai wa gimbiya mai barin gida. Ba a jima ba suka tare a birnin New York.

Nan za mu dasa aya a shirin na yau. 

(Kiɗan rufe shiri)