Zazzaɓi Yana Fara Ɓuya A Hanta

Yau maganarmu a kan zazzaɓin cizon sauro ne, wanda kan kwantar da yaranmu a ƙasar Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara kowace damina.

Mutane da yawa suna zaton ran da jikin yaro ya yi zafi, ran nan cutar ta shige shi. Ba haka ba ne. In sauro ya ciji yaro, ƙwayoyin cutar sukan zarce hanta tukuna. Can za su yi kamar mako guda suna hayayyafa, yaro kuwa yana wasansa lafiya lau. Sai sun fito cikin jini sannan zazzaɓi ya tashi.

To, ƙaƙa aka san haka? A 1948 wasu likitoci biyu a Ingila, Shortt da Garnham, suka yanki hantar biri, suka duba da madubin likita, suka same su ciki. Amma dabbar da aka yanka ba a sake duba ta gobe.

Daga baya masana a ƙasar Holan suka sami wata dabara. Kun san maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare a fadama. Suka ɗauko abin da ke sa shi haske, suka dasa wa ƙwayar zazzaɓin ɓeraye. Akan yi wa ɓera allura, a sa shi barci, a ajiye shi cikin akwati mai duhu da na'urar ɗaukar hoto. A 2009 suka ga hantar ɓera tana haske, ɓeran kuwa da ransa, ba a tsaga shi ba. In aka ba shi magani mai kyau, sai hasken ya dushe. Da haka ake gwada sabon magani kafin a kai shi ga mutum.

Saboda haka, iyaye, kada ku jira zafin jiki. In ma'aikatan lafiya sun zo gida da maganin rigakafi na damina, ku karɓa. Na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ana sha kwana 3 a jere kowane wata. Kada uwa ta ce ɗanta lafiyarsa ƙalau, ta ajiye na kwana biyun da suka rage. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuwa, a kai shi asibiti ran nan a gwada jininsa.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.