A DAMA DA KOWA: JIYYA TA HANYAR AIKI DA ABIN DA BINCIKE YA NUNA



Idan aka sallami majiyyaci daga asibiti, al'adarmu ce mu taru mu yi masa barka da samun sauƙi. Likita ya gama nasa, miki ya rufe, zazzaɓi ya sauka. Amma fa da sauran magana. Manomin da aka yanke wa ƙafa, yaya zai koma gona? Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari ta warke, shin maƙwabta za su sayi ƙosanta kamar yadda suka saba? Wanda ya yi fama da taɓin hankali ya sami lafiya, wa zai amince ya ba shi jiran kanti? Irin waɗannan mutane, tare da makafi da kurame da guragu, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da waɗanda fitina ta raba da garuruwansu, su ne aka fi mayarwa saniyar ware. Maƙasudin wannan jawabi shi ne in bayyana muku wani fanni na aikin lafiya da ya duƙufa a kan wannan al'amari, da abin da masanansa suka gano, gama da wuya a sami gida a ƙasar nan wanda abin bai shafa ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, watau mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya, suna rayuwa da naƙasa mai nauyi.

MENE NE JIYYA TA HANYAR AIKI?

Kalmar aiki a nan ba ta tsaya ga aikin albashi ba. Tana nufin duk abin da mutum ke cika yininsa da shi: wanka da sa tufafi, girki, reno, noma, saƙa, karatu, zuwa wurin ibada, halartar suna da jana'iza, har da wasan yara a dandali. Ma'aikacin gashin ƙashi yakan lura da gaɓar da ta sage har ta motsa. Shi kuwa mai jiyya ta hanyar aiki yakan tambaya me za a yi da gaɓar bayan ta motsa, in kuma ba za ta motsa ba, ta wace dabara mai ita zai ci gaba da harkokinsa. Yakan kauraɓa ƙotar cokali domin hannun da ba ya iya damƙa, ya sake wa fartanya ƙota, ya samo takalmi mai taushi ga wanda kuturta ta kashe wa jin ƙafa, ya koya wa wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki sa riga da hannu ɗaya.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a shekarar 1917 a garin Clifton Springs na jihar Niyu Yok, a Amurka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, George Barton, mai zanen gine-gine ne da ya sha fama da tarin fuka, ya kuma farfaɗo da jikinsa ta hanyar aikin kafinta da na lambu. A 1952 aka kafa tarayyarsu ta duniya. A Nijeriya, Doka ta 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke yi musu rajista tare da sauran ma'aikatan farfaɗo da majiyyata, ana kuma horar da su a wurare irin su makarantar Gwamnatin Tarayya da ke Oshodi a Legas, da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Duk da haka yawansu bai taka kara ya karya ba idan aka dubi yawan jama'armu, shi ya sa ya wajaba kowa ya san abin da suka gano, ya yi aiki da shi a gidansa.

INA CIKAS ƊIN YAKE?

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani sabon ma'auni na naƙasa. Ma'aunin yana duban lalurar jiki, yana duban abin da mutum ke iya yi, sa'an nan yana duban ko ana damawa da shi a harkokin jama'a, da yadda muhallinsa ke taimakonsa ko tauye shi. Alal misali, a ɗauki mutum biyu da shan inna ta shanye wa ƙafafu iri ɗaya. Na farko yana da keken guragu, makarantar unguwarsu tana da gangara a ƙofa, malamai sun karɓe shi. Na biyu kuwa ajinsu yana bisa bene, iyayensa kuma suna jin kunyar a gan shi. Bayan shekara ashirin, na farko akawu ne, na biyu yana bara a bakin titi. Ƙafafunsu ba su bambanta ba. Matakala da kunya su suka raba su, waɗannan kuwa aikin mutane ne, mutane ne kuma za su iya kawar da su.

Wata masaniya mai suna Gail Whiteford ta yi bincike a tsakanin fursunoni a ƙasar Niyu Zilan, daga baya kuma a tsakanin 'yan gudun hijirar Kosobo da aka tsugunar a Ostareliya. Ta nuna cewa hana mutum aikin da ke da ma'ana a gare shi, saboda dalilan da suka fi ƙarfinsa, illa ce mai zaman kanta, ko da yana samun ci da sha da makwanci. Kwanaki sukan zama iri ɗaya, gwaninta ta dushe, mutum ya fara mantawa da ko shi wane ne. Duk wanda ya ga manomi ko masunci zaune hannu rabbana a sansanin 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas, damina ta zo ta wuce bai riƙe fartanya ba, ya san gaskiyar wannan magana.

BA KOWANE AIKI BA

Wani zai ce, to ai sai a samo musu abin yi kawai don su rage zaman banza. An gwada wannan. A shekarar 1997 Florence Clark da abokan aikinta na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka buga sakamakon wani bincike da suka yi da tsofaffi 361 a birnin Los Anjelis, masu shekara 60 zuwa sama. An kasa su uku. Kashi na farko suka yi wata tara da masu jiyya ta hanyar aiki, kowa yana nazarin yininsa, yana zaɓen abin da yake so ya ci gaba da yi, ana taya shi kawar da cikas kamar wahalar shiga motar haya ko tsoron faɗuwa a gida. Kashi na biyu aka riƙa shirya musu wasanni da taron nishaɗi. Kashi na uku ba a yi musu kome ba. Da aka auna, kashi na farko sun fi sauran lafiya da jin daɗin rayuwa. Abin mamaki kuwa, waɗanda aka shirya wa nishaɗi ba su yi wa waɗanda aka ƙyale wani fifiko ba. Ashe shagaltar da mutum daban, ba shi aikin da zuciyarsa ta zaɓa daban.

Saboda irin wannan fahimta ne masana a Kanada, a ƙarƙashin jagorancin Mary Law, suka fito da wani ma'auni a 1991. Maimakon ma'aikaci ya yanke wa majiyyaci abin da ke damunsa, sai ya tambaye shi ya zaɓi matsaloli har biyar da suka fi muhimmanci a wurinsa, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10 a kan yadda yake iya yin kowanne, da yadda ya gamsu. Bayan jiyya a sake tambayarsa. Hausawa sun riga sun faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

CIKIN MUTANE, BA A KEƁE BA

Tsohuwar dabara ita ce a keɓe naƙasassu a wata cibiya, a yi ta koya musu sana'a shekara da shekaru, wai sai sun shirya sa'an nan a nema musu aiki. Sabuwar dabara ta juya abin: a sama wa mutum aiki na gaske tun da wuri, a haɗa shi da mai tallafa masa a can wurin aikin. A shekarar 2007 aka buga sakamakon gwajin dabarun nan biyu a birane shida na Turai, da mutum 312 masu fama da taɓin hankali mai tsanani. Cikin wata 18, kashi 55 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta sabuwar hanya sun sami aiki, alhali na tsohuwar hanya kashi 28 ne kurum. Bugu da ƙari, masu sabuwar hanya ba su kai sauran komawa gadon asibiti ba, saɓanin tsoron da aka yi cewa aiki zai tayar musu da ciwo.

Kada wani ya ɗauka wannan hikimar baƙuwa ce a gare mu. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai aka saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana su je karɓar magani, sauran lokaci su yi zaman gari tare da mutane, a kasuwa da gona. Mutanen ƙauye suna karɓar kuɗin haya, suna kuma ganin masu ciwon suna warkewa a gaban idonsu, gani kuwa ya kori ji. Masana daga ƙasashe da yawa sun zo sun yi nazarin wannan tsari. Haka nan a Kano, waɗanda shan inna ta naƙasa sun daɗe suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, suna sayarwa, suna riƙe iyali.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Hana Nuna Wa Naƙasassu Bambanci ta 2018, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta ce mutumin da aka samu da laifin nuna bambanci zai biya tarar N100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Kamfani kuwa tararsa N1,000,000. Ta umurci ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su kasance naƙasassu. Ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. Ta kuma ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024.

NAUYIN DA KE KANMU

Doka tana iya tilasta a gina gangara a ƙofar ofis, amma ba ta shiga tsakar gida. Iyaye, kada ku ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki. Ku kai shi makaranta, ku ba shi aikin gida gwargwadon ƙarfinsa, kada tausayi ya sa ku yi masa abin da zai iya yi wa kansa. Masu sana'a, ku karɓi almajirin sana'a ko da kurma ne ko gurgu, sai an gwada akan san na ƙwarai. Iyayen ƙasa da shugabannin ƙananan hukumomi, idan za a gina rijiya ko kasuwa ko aji, ku kira Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da ƙungiyoyinsu tun kafin a haƙa harsashi, domin gyara bayan gini ya fi tsada. A kuma sani cewa kuturta tana warkewa da magani wanda ake bayarwa kyauta, wanda ya sha maganin ba ya sa wa kowa, saboda haka babu dalilin ƙin cinikayya da shi. Taimakon da muke yi wa mabuƙata abin yabo ne. Zai fi ɗorewa idan ya zama jari, ko keke, ko kuɗin makaranta. Wanda kuma ɗan'uwansa ya sami shanyewar jiki ko mummunan rauni, ya tambaya a babban asibiti ko akwai sashen jiyya ta hanyar aiki kafin a sallame shi.

Daga ƙarshe ina tunatar da mu cewa tsufa da haɗarin hanya da ciwo ba sa sallama kafin su shigo. Gangarar da muka gina wa wani bana, wataƙila mu ne za mu bi ta baɗi. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya taimaki Nijeriya.