Sa'a Ɗaya ta Attajirin Salzburg

Yau labarin wani wasan kwaikwayo na kawo muku, daga wata ƙasa mai nisa.

A ƙasar Ostiriya akwai wani birni da ake kira Salzburg, garin da aka haifi shahararren makaɗin nan Mozart. Duk shekara, a watannin Yuli da Agusta, ana kafa dandamali a filin da ke gaban babbar majami'ar garin, a sararin Allah, a yi wani wasa mai kiɗa da waƙa. Sunan wasan Jedermann, wato "Kowa" da Jamusanci. Hugo von Hofmannsthal ne ya rubuta shi, ya ɗauko tushensa daga wani tsohon wasan Ingila na ƙarshen ƙarni na 15. An fara nuna shi a Berlin a 1911. Ran 22 ga Agusta 1920 Max Reinhardt ya fito da shi wannan fili, ƙasa da shekara biyu bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da ƙasar ke fama da yunwa da marayu. Da ƴan Nazi suka mamaye Ostiriya a 1938 sai aka daina wasan, ya dawo a 1946. Har yau ana yi. In ruwa ya sauko, a koma cikin zaure.

To, mene ne a ciki?

Kowa attajiri ne. Maƙwabcinsa talaka ya zo roƙo, ya ba shi ƙwandala ɗaya, ya ce ai da zai raba dukiyarsa ga dukan mabukata, abin da kowa zai samu ke nan. Aka wuce da wani wanda yake bi bashi za a kai kaso, matarsa na kuka, bai yafe ba. Uwarsa ta ce ya tuna da Allah, ya lallashe ta don ta tafi. Da yamma ya haɗa walima, ga makaɗa, ga mawaƙa, ga farkarsa a gefensa.

Ana tsakiyar shagali sai ya ji ana kiran sunansa. A nan ne filin ke yin aikinsa. Ana ajiye masu kira a saman hasumiyoyi da tudun da ke kewaye da wurin, muryoyinsu su ratso garin. Mai kallo na zaune a kujerarsa ya ji ana ƙwala "Kowa!" daga sama, kuma ya san shi ma yana cikin kowa.

Mutuwa ta tsaya a bayansa. Ya yi ta roƙo, da ƙyar aka ba shi sa'a ɗaya ya nemi mai rakiya. Farkar tuni ta tsere. Amininsa, wanda ya yi rantsuwa zai bi shi ko ina, ya zame da ya ji inda za a. Ƴan uwansa biyu suka kawo uzuri. Ya ce to a ɗauko akwatin kuɗinsa. Akwati ya buɗe, dukiya ta fito da siffar mutum, ta yi masa dariya, ta nuna masa cewa duk tsawon shekarun nan shi ne bawa, ita ce ubangida. Saura wata mace guda kwance a ƙasa, ta rame, ko tashi ba ta iyawa. Ita ce ayyukansa na alheri. Ita kaɗai ta yarda ta bi shi.

Ƙarshen wasan bisa aƙidar Kirista yake: Kowa ya tuba, Imani ya tsaya masa, Shaiɗan ya zo ɗaukarsa ya koma hannu rabbana. Amma duk wanda ya zauna gaban malam a cikinmu ya san hadisin da ke nuna abu uku ke raka mamaci, iyali da dukiya da aiki, biyu su juyo, ɗaya ya zauna.

Akwai masu sukar wasan, kuma suna da hujja. Suna cewa mutum ya ƙare rayuwarsa yana matsar talaka, sa'a ɗaya ta wanke shi. Shi wanda aka kai kaso fa, wa ya fito da shi? Suna kuma cewa kujerun wasan na da tsada, masu hali ne ke cika wurin, su ga an ja kunnen mai kuɗi, su tafa, su wuce cin abinci. Ni wannan suka ta fi taɓa ni, don mu ma haka muke. Mu dawo daga maƙabarta da ƙura a ƙafa, kafin shayi na biyu ya nuna a fada mun koma zancen wane ya sai mota, wane ya tada bene. Ba wanda ke tambayar ta ina kuɗin suka fito.

Kada wani ya ce wai ina zugar ku ku so talauci. A'a. Wanda ya kwana yana kabu-kabu don ya ciyar da mahaifiyarsa bai yi laifi ba. Kowa bai faɗi don yana da kuɗi ba, ya faɗi ne don ya bar matar nan da yunwa. Kuma ba sai attajiri ke da ita ba. Mai jika biyar a aljihu ma yana da tasa. Tambayar ita ce, in aka kira ka yau, za ta iya miƙewa?

Abu na ƙarshe. Mu ma mun san wasan fili. Iyayenmu sun yi na samariya, sun ga su Yazi Dogo suna sa jama'a dariya suna kuma faɗa musu gaskiya. Filayen na nan a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, makaɗa na nan, labari kuwa kowace unguwa na da nata. Mutanen Salzburg da katako suka fara, a shekarar yunwa. In akwai mutum goma a cikinku da ke son mu gwada namu, ku tsaya bayan an tashi mu sa rana.

Allah Ya sa mu cika da kyau.