Doka A Bakin Iyaka



Tambayar da muka zo da ita yau tsohuwa ce: me ya sa mai iko zai bi doka, alhali yana da ƙarfin da zai ƙi? Mun zaɓi mu nemi amsarta a Bagudo ta Jihar Kabi, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, domin a irin wannan wuri ne talaka ke haɗuwa da hukuma ido da ido.

Ita wannan iyaka, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta haife ta. Ta raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila, ba tare da an shawarci mazauna wurin ba. Wannan shi ne mulkin ƙarfi tsantsa. Tsarin mulki kuwa kishiyarsa ne, watau iko amana ce da jama'a suka bayar bisa sharaɗi. Haka John Locke ya koyar a Ingila, Montesquieu kuma a 1748 ya ƙara da cewa lalle a raba masu yin doka da masu zartarwa da masu shari'a, don kowane ya tsare ɗan'uwansa.

Kada mu zaci wannan tunani baƙo ne gare mu. Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkami don nuna wa masu mulki iyakarsu. Shehu Usmanu kuma a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da ke ɗora haraji ba bisa shari'a ba, da masu ƙwace a kasuwa. Ashe tun da can malamanmu sun san cewa doka kan fara ɗaure sarki kafin ta ɗaure talaka.

Sashe na 1 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora shi bisa kowane mutum da kowace hukuma. Amma a watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba mutanen yankin 'yancin zirga-zirga. A Nuwamba 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ko da niyyar hana fasa-ƙwauri ce, manomi da ɗan kasuwa suna da haƙƙin su tambaya: wace doka ce ta ba da wannan iko, kuma wace kotu za mu kai kuka?

Maƙwabtanmu sun ba da tasu amsa. Bayan babban taron ƙasa na Kwatano a 1990, tsarin mulkin Benin ya ba kowane ɗan ƙasa damar ƙalubalantar doka kai tsaye a kotun tsarin mulki.

To, jama'a, gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshin Lolo da Tsamiya. Ranar da aka miƙo mana umarni, mu fara neman sashen dokar da ya halatta shi kafin mu sa hannu. Wanda ya tsaya a gabanmu da buhun gero ba alfarma yake nema ba, haƙƙinsa ne.